Don Ya Shiga Ba Shi Ne Ya Dace Ba: Darasin Bindigar .45-70 Ga Masu Riƙe Da Waya

Duk wanda ya ɗan jima yana buga Call of Duty Mobile ya san MK2, wanda kuma ya fi son PUBG ya san Win94. Bindigogi ne irin na finafinan kaboyi, masu liba a ƙarƙashin kunama: a ja libar ƙasa kwanso ya fita, a mayar da ita sama sabon harsashi ya hau. A fim ɗin Jurassic World na 2015, irinta ce Chris Pratt ya rataya a kafaɗa, Marlin 1895 SBL, mai cin harsashin da ake kira .45-70. A YouTube da TikTok kuwa bidiyoyinta ba sa ƙirguwa: ana fasa kankana, ana huda bulo, jama'a na ta danna alamar so.

Abin da gem da bidiyo ba sa nunawa shi ne, wannan bindiga na ɗauke da matsalar da duk mai haɗa manhaja ya sani, kuma duk wanda ya taɓa ƙona na'ura da cajar aro ya ɗanɗana. Soket ɗinta bai canza ba tun 1873, amma ƙarfin da ake iya turawa ta cikinsa ya kusan ninkawa. A duniyar waya sakamakon wannan kuskure shi ne a je wurin mai gyara. A duniyar bindiga sakamakon yatsu ne, ko ido, ko rai.

Ra'ayin wannan rubutu a fili yake: gargaɗin da aka buga a jikin kwali ba ya maye gurbin ƙirar da ke hana kuskure tun asali. Inda kuma babu irin wannan ƙira, abin bi shi ne bayanin da aka gwada a ɗakin gwaji, ba abin da wani ya faɗa a bidiyo ko manhajar hira ta rubuto ba.

Sunan da ke ɗauke da umarni

A 1873 rundunar sojin Amurka ta karɓi sabuwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, Springfield Model 1873, wadda aka fi sani da Trapdoor saboda murfin bayanta da ke buɗewa sama kamar ƙofar rumbu. Cikakken sunan harsashinta shi ne .45-70-405. Lambar farko kaurin dalmar ce, kusan milimita 11.6. Ta biyu nauyin baƙin albarushin da ke ciki ne, giren 70, wato kusan giram 4.5. Ta uku nauyin dalmar ne, giren 405, kusan giram 26. Ma'ana, sunan da kansa littafin umarni ne.

Baƙin albarushi yana da wata ɗabi'a da ta sa ya zama mai yafiya. Yana da cin wuri. Adadin da ake bukata kusan shi ne ke cika kwanson, saboda haka babu yadda mutum zai yi kuskuren zuba ninki biyu, ba inda zai shiga. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa toka da datti yake zama, shi ya sa farin hayaƙi ke turnuƙewa. Matsin da yake haifarwa bai cika wuce abin da ƙarfen wancan zamani zai ɗauka ba.

Farin jinin harsashin ya sa masu ƙera bindigogi masu liba suka bi shi. Marlin ta fito da tata a 1881. John Browning ya zana wa Winchester samfurin 1886, mai sakatun ƙarfe biyu da ke kulle bayan bindigar, wanda ya ɗauki .45-70 da manyan yayyensa irin su .45-90 da .50-110. Maharban Amurka sun yi farautar manyan namun daji da su, har yau kuma a Alaska ana riƙe irinsu saboda dabbar beyar.

Sabuntawar da ta zo ba tare da sabon soket ba

A 1884 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi na farko da ya yi aiki a bindiga, Poudre B. Bayan shekara biyu sojojin Faransa suka fara amfani da shi a bindigar Lebel. Wannan sabon albarushi ba ɗan'uwan tsohon ba ne ko kaɗan, sunan kawai suka haɗa. Kusan dukkansa iskar gas yake zama, kuma kaɗan daga cikinsa na yin aikin da mai yawa na tsohon ke yi.

Sai dai yana da hali. Idan aka kunna shi a fili, ci kawai yake yi kamar busasshiyar ciyawa. Idan aka kulle shi a cikin ƙarfe, matsi na ƙara masa saurin ci, saurin ci kuma na ƙara matsi, abu na ciyar da abu. Don haka ɗan ƙari a sikeli ba ɗan ƙari ba ne a cikin bindiga. Akwai inda layin ke miƙewa sama farat ɗaya.

Kamfanoni sun gane haka da wuri. Lokacin da Winchester ta fitar da harsashin .30-30 a 1895 don samfurinta na 1894, wato Win94 ɗin da ke PUBG, sai da ta koma yin bututun da ƙarfe mai gaurayen nikel. Sabon albarushi, sabon ƙarfe, sabon harsashi. Wannan tsari ne mai kyau.

Amma .45-70 bai mutu ba, kuma siffarsa ba ta canza ba. Katon kwanson da aka auna don baƙin albarushi shi ne dai ake zuba wa marar hayaƙi a yau. Da wasu nau'o'in masu saurin ci, adadin da ya dace ɗan kaɗan ne a gindin kwanso, sauran duk fili. Mai haɗa harsashinsa a gida, abin da doka ta yarda da shi a Amurka kuma mutane da yawa ke yi, idan waya ta yi ƙara hankalinsa ya ɗauku, zai iya zuba sau biyu, kwanson ya haɗiye, dalma ta zauna daram, ido bai ga komai ba. Kariyar da tsohon albarushi ke bayarwa kyauta ta tafi, ba a kuma maye gurbinta da komai ba.

Harsashi ɗaya, bindigogi hawa uku

A nan ne lamarin ya zama irin wanda mai haɗa manhaja ke gani ya kama kai. Littattafan haɗa harsashi na Amurka suna raba .45-70 gida uku. Akwai shafin Trapdoor da sauran tsofaffi. Akwai shafin bindigogi masu liba na zamani, irin Marlin 1895. Akwai kuma shafin masu ƙarfi sosai irin Ruger No. 1. Ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 ke tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka, ta tsayar da iyakar matsin .45-70 a psi 28,000, saboda tana sane da cewa tsofaffin bindigogi na hannun mutane. Wasu littattafan kuwa suna kai masu liba na zamani wajen 40,000, masu ƙarfin kuma wajen 50,000, a ma'aunin da ake kira CUP. Don a gane girman abin, tayar ƙaramar mota wajen psi 32 take ɗauka.

Harsasan hawa ukun nan tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, rubutun gindinsu ɗaya. Wanda aka haɗa don Ruger zai shige cikin Trapdoor mai shekara 140 salin-alin, murfi ya rufe, kunama ta ɗanu. Babu abin da zai ce a'a.

Sunayen ma ba sa taimakawa. Marlin 1895 guda biyu ce: ta asali da aka daina yi a 1917, da wadda aka dawo da ita a 1972 a kan wata ƙira dabam. Winchester 1886 da aka ƙera a ƙarni na 19 da wadda kamfanin Miroku ke ƙerawa a Japan yanzu suna ɗaya, ƙarfe ba ɗaya ba. Kamfanonin Italiya na yin sababbin Trapdoor masu ƙyalli, amma sabon ƙarfe bai canza tsohuwar ƙira ba. Albarushin kansa akwai IMR 4198 akwai H4198, lamba ɗaya, kamfanin da ya fara yin kowanne dabam, kowanne da shafinsa. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, kuma a nan karin maganar ba ado ba ce.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne rashin saƙon kuskure. Waya takan yi zafi, ta rubuta gargaɗi, ta kashe kanta. A bindigogin zamani masu ƙarfi sosai, kwanso kan nuna alamun wahala kafin ƙarfe ya gaza. A tsofaffin ƙira masu ɗaukar ƙaramin matsi, bindigar na iya kaiwa iyakarta tun kwanson bai nuna komai ba. Alamar farko ita ce ta ƙarshe.

Akwai kuma wani haɗarin na masu liba kaɗai. Harsasansu a jere suke cikin wani bututu a ƙarƙashin na harbi, hancin wannan a gindin wancan, daidai wurin da ake bugawa wuta ta tashi. Idan dalmar mai tsini ce, jijjigar harbi na iya sa na baya ya tayar da na gaba. Shi ya sa harsasan waɗannan bindigogi suke da faffaɗan hanci, har zuwa tsakiyar shekarun 2000 da Hornady ta fito da LEVERevolution mai tsinin roba mai laushi.

Yadda injiniyan kirki ke magance irin wannan

Masana'antar ta san maganin, ta kuma yi amfani da shi. A 1935 da aka fitar da .357 Magnum, an ƙara wa kwansonsa tsawo kaɗan a kan na .38 Special don kada ya shiga tsofaffin bindigogin da ba za su iya da shi ba. A 2000 Marlin da Hornady suka yi wa .45-70 irin wannan gyara: suka fitar da .450 Marlin, mai ƙarfin hawa na biyu, suka yi masa ɗamara mai kauri a gindi yadda ba zai shiga tsohuwar bindiga ba ko an so. Ba a roƙi kowa ya karanta kwali ba. Ƙarfen da kansa ne ke ƙi.

Japanawa na kiran wannan dabara poka-yoke, wato hana kuskure, kuma injiniya Shigeo Shingo ne ya yaɗa ta a harkar Toyota a shekarun 1960. Tana cikin aljihun kowa: kusurwar da aka yanke a katin SIM ita ce ke hana a sa shi a juye. Tana cikin USB-C ma, ta wata hanya mafi wayo. Caja mai bin ƙa'ida da volt 5 take farawa, ba ta hawa zuwa 9 ko 20 sai ta yi magana da wayar, wayar ta ce za ta iya. Kebul ɗin da zai ɗauki wuta mai yawa yana da ɗan guntun cip a kansa da ke bayyana ƙarfinsa. Haka aka iya kai ƙa'idar har wat 240 a 2021 ba tare da an ƙona ƙananan wayoyi ba.

Inda babu wannan tattaunawa, kowa ya san labarin. Cajar laftof mai zagayayyen baki, volt 19, tana shiga rautar da ke son volt 12 ba gardama. Ana jonawa, sai ƙauri. Ko USB-C ɗin ma sai da ya sha wahala: a farkon 2016 wani injiniyan Google, Benson Leung, da ke gwada kebul-kebul na kasuwa, ya rasa kwamfutarsa Chromebook Pixel saboda kebul ɗaya da aka haɗa wayoyinsa ba daidai ba. Bayan nan ne Amazon ta hana sayar da waɗanda ba su bi ƙa'ida ba. Bindigar .45-70 cajar laftof ce mai zagayayyen baki. Ba ta tambaya, ba ta amsawa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masoya .45-70 suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa wannan sassaucin shi ne darajar harsashin. Mutum ɗaya da bindiga ɗaya zai iya harba mai laushi a filin atisaye, ya harba mai ƙarfi a dajin Alaska. Wanda ya gaji bindigar kakansa yana samun harsashinta a shago har gobe, saboda manyan kamfanoni na tsayawa a ƙarƙashin iyakar SAAMI. Ƙananan kamfanonin da ke sayar da masu ƙarfi kuwa suna lissafa a kwali bindigogin da aka yarda a sa wa.

Kasuwa ma ta goyi bayansu. Harsashin .450 Marlin, duk da kyawun ƙirarsa, bai yi farin jini ba, yau sai an nema. Shi kuwa .45-70 ya haura shekara 150 yana nan. Da Ruger ta sayi Marlin a 2020 bayan karyewar Remington, bindigar farko da ta fitar a ƙarshen 2021 ita ce 1895 SBL mai cin .45-70. Mutane sun zaɓi abin da ke aiki da tsohon kayansu, kamar yadda suke ƙin manhajar da ta daina buɗewa a tsohuwar waya.

To amma wannan hujja ba ta rushe matsalar ba, wurin zamanta kawai ta canza. Idan ƙarfe ba zai ce a'a ba, dole mutum ya ce. Kwali kan yage, harsasai kan gauraya a aljihu, mai bindiga kan rasu magada su tarar da gwangwani cike da harsasan da ba rubutu. Tsarin da ya dogara ga cewa kowa zai tuna komai a kowane lokaci, tsari ne mai jiran ranarsa. Shi ya sa ƙa'idojin masu wannan sana'a suke da tsauri: a yi aiki da littafin da kamfanin albarushi ko na dalma ya gwada da na'urar auna matsi, a buɗe shafin bindigar da ke hannu ba na wata ba, a fara daga ƙasa, a auna da sikeli ba da ludayi ba, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, a leƙa kowane kwanso kafin a rufe, a rubuta komai a jikin akwati, kada a harba abin da wani ya haɗa, tsohuwar bindiga kuma sai ƙwararre ya duba ta. Babu burgewa a ciki, shi ya sa ba a yin bidiyonsu.

Abin da allon waya ke ɓoyewa

A Afrilun 2021, mai tashar Kentucky Ballistics a YouTube yana ɗaukar bidiyo da wata katuwar bindiga mai cin .50 BMG, ba mai liba ba, sai ta tarwatse a fuskarsa. Ƙarfe ya yanke masa jijiyar wuya, ya huda huhu, ya fasa ƙashin ido. Babban yatsansa ya cusa a ramin wuyan har aka kai shi asibiti, ya rayu. Bayanin da ya yi daga baya shi ne tsohon harsashi ne da bai san tarihinsa ba, mai matsin da ya wuce kima. Tsohon ɗan sanda ne da ya san bindiga. Harsashin ya shiga daidai.

Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Duk wanda ya taɓa sa su rubuta masa kod ya san yadda suke ƙirƙiro abin da babu, cikin natsuwa da kyakkyawan lafazi. A kod, kuskure ja yake fitowa a allo a gyara. Manhajar da ta koyi karatu daga dubban shafukan da suka gauraya hawa ukun .45-70 ba abin da zai hana ta ɗauko lambar Ruger ta miƙa wa mai Trapdoor. Lambar da ba a san wanda ya gwada ta ba, da wace na'ura, a wace bindiga, jita-jita ce, ko da ta zo cikin tebur mai kyau.

Marlin da Winchester ba kayan kasuwar Arewa ba ne, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ma ta hana mallakar bindiga ko haɗa harsashi ba tare da izini ba. Amma akwai inda zancen ya taɓa gida kai tsaye. Bindigar toka da maharba da 'yan sintiri ke riƙewa, da wadda 'yan bindiga ke bugawa a hawan Sallah, 'yar zamanin baƙin albarushi ce, kuma bututunta bai kai na Trapdoor ƙwari ba. Garin da ke cikin harsashin zamani marar hayaƙi ne. Wanda ya farke harsashi ya juye shi a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi, bam ya haɗa ya kara a kuncinsa. Ko a Amurka, bindigogin ɗuri ta baki da kamfanoni ke ƙerawa da ƙarfen zamani suna ɗauke da gargaɗin kada a kuskura a zuba masu marar hayaƙi. Matashin da ke da ɗan'uwa maharbi ko ɗan sintiri, wannan magana ɗaya ta cancanci ya ajiye wayar ya je ya faɗa masa.

Ga sauran, darasin na tebur ne da soket. Kafin a jona cajar aro, a juya ta a karanta ƙananan rubutun, a gwada da na jikin na'urar. Batirin litiyam ba ya son cajar batirin mota, ko da ƙugiyoyin sun kama. Masu haɗa manhaja da na'urori kuma su duba aikinsu su tambayi kansu: a ina ne mai amfani zai iya cusa abin da bai dace ba, tsarin ya karɓa ya yi shiru? Wurin nan ne ya kamata a yi wa ɗamara irin ta .450 Marlin, ba a ƙara wani layi a shafin sharuɗɗan da ba mai karantawa ba.